Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Daura Kan Hawan Jini

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk,
Fadar Sarki, Daura.



Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar biyayya, kuka na kawo, kuma na zaɓi in yi shi a fili don ba nawa ba ne ni kaɗai. Daga birnin Daura zuwa Baure, daga Zango zuwa Sandamu da Mai'adua, da wuya a shiga unguwa ba a sami kwantacce a ɗaki ba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko gidan da ake zaman makokin magidancin da jiya aka yi sallar isha'i da shi lafiya lau. In aka tambayi abin da ya same shi, sai a ce faɗuwa ya yi a banɗaki, ko a ce iska ce ta buge shi. Kwana ne ya ƙare, wannan babu Musulmin da zai yi musu. Amma da yawa cikin waɗannan bayin Allah hawan jini ne ya yi shekaru yana cin su, har suka koma ga Mahaliccinsu ba a taɓa ɗaura musu abin awo a dantse ba.

Roƙona guda ne, ranka ya daɗe, sauran duk bayani ne. Ina roƙon Mai Martaba ya mayar da awon jini al'adar ƙasar Daura, kuma a fara daga fada.

Daura ba ta cikin garuruwan da za su yi kukan rashin ginin asibiti. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Asibitin Sojojin Sama da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Agustan 2019, ga ƙananan asibitoci a gundumomi. Sai dai talaka ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi, shi kuwa hawan jini ba ya ciwo. Mutum zai yi shekara goma da shi yana noma, yana cin kasuwa, yana ƙarin aure, ba ciwon kai ba jiri. Ranar da zai ji wani abu, sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda.

Mutanenmu sun ɗauka ciwon tunani ne. Za ka ji an ce tun da shagon wane ya ƙone jininsa ya hau, ko uwa ta ce wa ɗanta kada ya sa mata hawan jini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ɓacin rai yana ɗaga jini na ɗan lokaci, kuma damuwa mai tsawo ba ta taimaka wa kowa. Illar wannan fahimta ita ce duk wanda ba a binsa bashi, gidansa lafiya, sai ya wanke kansa ya ce shi me zai haɗa shi da hawan jini. Alhali gado yana kawo shi, shekaru suna kawo shi, haka ƙiba da yawan zama da ciwon ƙoda, uwa uba gishiri. Ana samun mutum mai fara'a, mai wadatar zuci, a auna shi a ga 170 bisa 100, yana dariya yana cewa na'urar ce ta lalace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Satumban 2023 inda ta ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya saukar da jinin yadda ya kamata. A Najeriya ƙiyasin da aka fi samu shi ne kusan mutum ɗaya cikin manya uku. Idan Mai Martaba ya dubi sahu ɗaya na magidanta talatin a masallacin Juma'a, to a wannan lissafi kusan goma suna ɗauke da shi, kuma galibinsu ba su da labari.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa in injin ban-ruwa ya fi ƙarfin tiyo. Ba ranar farko yake fashewa ba. Yana ta ɗauka yana ta ɗauka, sai wata rana ya tsage a inda ya fi rauni. Haka jijiyoyin jini suke. Lambar sama da na'ura ke nunawa ƙarfin bugun jini ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Mai lafiya yana wajen 120 bisa 80. In aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka ga 140 bisa 90 ko sama, to yana da hawan jini ko da yana jin kansa garau. In jijiyar ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In zuciya ta gaji da turawa, sai ta kumbura, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. In ƙananan jijiyoyin ƙoda suka lalace, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wanda duk gidan da ya shiga sai an sayar da gona.

Zan ɗan tsaya kan gishiri, Allah ya taimaki Sarki, don a nan ne muka fi yi wa kanmu illa da hannunmu. Abin da masana suka amince babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya wanda bai yi tozo ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan abin da zuciya ke turawa. To a duba yinin Bahaushen yau. Da safe ƙosai da yaji, yajin nan an daka shi da gishiri da magi. Da rana ɗanwake, an kwaɓa da kanwa, an barbaɗa yaji, an marmasa wani magin a kai. Yara sun dawo makaranta an dafa musu taliyar leda an juye ɗan ƙullin sinadarinta gaba ɗaya. Da dare miyar kuka, an jefa dunƙulen magi huɗu ko biyar, an sa gishiri, an sa farin magi, an ɗiga kanwa. In da hali maigida ya biya wajen mai tsire. Mutane da yawa ba su san cewa kusan rabin nauyin dunƙulen nan gishiri ne ba. Shi ya sa za ka ji mai hawan jini ya rantse ya daina cin gishiri, alhali an ƙara dunƙule biyu don a cike gurbinsa. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne a cikinta.

Kakanninmu sun yi miya da daddawa da citta da masoro da kimba da tafarnuwa, kuma babu wanda ya ce abincin Daura ba daɗi. Harshe yana sabawa. In aka rage gishiri a hankali, cikin 'yan makonni mutum zai daina jin salam. Amma a ganina kuskure ne a ɗora wa mata wannan wa'azi su kaɗai, kamar yadda ake yawan yi a rediyo. Matar da ke tsoron a ce ba ta iya miya ba, balle in akwai abokiyar zama da za a gwada girkinsu, ba za ta rage dunƙule ko ɗaya ba sai maigida ne ya ce a rage, kuma ya ci bai ɓata fuska ba. Don haka saƙon gishiri na maza ne kafin ya zama na mata, kuma maza maganar Sarki suke ji.

Batun kanwa yana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya nuna cewa ciwon yana da wasu dalilai bayan waɗannan. Duk da haka babu likitan da zai ce a ɗura wa mai jegon da jininta ya hau kunun kanwa kwana arba'in. Jijjigar masu ciki ma, wadda har yau wasu ke kira aikin iska, hawan jini ne mafarinta, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Awon ciki yana gano ta tun da wuri. Abin da muka fi sakaci da shi shi ne awon bayan haihuwa: da an yi suna an watse, ba mai sake auna mai jego. Ungozomomi da iyayen gida su ne za su gyara wannan, in aka kira su aka yi musu bayani cikin mutunci.

Akwai kuma abin da ake saya a kemis. Manomi ko ɗan acaba ya wuni yana aiki, da dare ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a zuba masa diklofenak da ibufurofen ya watsa, gobe ma haka. Waɗannan ƙwayoyi in aka dimanci shansu suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda. 'Yan mata masu neman ƙiba suna shan sha-ka-fashe, wanda a cikinsa akan sami maganin da ke tara ruwa a jiki ya ɗaga jini. Samari ga taba ga shisha ga lemon ƙarin kuzari. Sannan ƙafa ta huta: tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙasa zuwa gona ko kasuwa, yau babur ake hawa ko masallacin unguwa za a je. Abin da ake so rabin sa'a ne na tafiya da sauri, kwana biyar a mako. Manomi da damina ya wuce haka nesa. Ɗan kasuwa da ma'aikaci da matar da ke cikin gida su ne abin ji, haka nan, a gafarce ni, masu riƙe da sarauta, waɗanda aikinsu na zama ne daga hantsi zuwa azahar.

Me ya sa na kawo kukan fada ban kai ma'aikatar lafiya ba? Saboda mun ga abin da sarauta ta yi da shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa saboda zargi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Gwamnati ta yi ta kashe kuɗi, ƙofofi suna rufe. Sai a 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a gaban jama'a, umarni ya sauka daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa da liman. Rabon da a ga ƙwayar cutar ta asali a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mai Martaba yana kan gadon Daura tun 2007, duk wannan aiki da shi aka yi. Wancan tsani yana nan, bai karye ba.

Sai dai akwai bambanci da ya kamata a faɗa. Shan inna ɗigo biyu ne a baki, a shafa wa yaro alama a yatsa a wuce. Hawan jini abokin zama ne har ƙarshen rai. Gangamin mako ɗaya, irin wanda kwamishinonin lafiya na jihohi suka shirya a ƙarshen Oktoban 2024 don auna mutum miliyan 10 a faɗin ƙasa, yana da amfani, amma in mako ya ƙare aka naɗe rumfa, wanda aka ce wa jininsa ya hau sai ya koma gida da fargaba kawai. Abin da ake bukata shi ne wurin awo na dindindin a inda mutane suka saba zama.

An gwada haka a Amurka. A birnin Los Anjalas, likitoci sun lura baƙaƙen fata maza ba sa son zuwa asibiti amma ba sa fashin zuwa aski. Sai suka haɗa kai da shagunan aski 52, mai aski ya ja hankalin abokin cinikinsa, masanin magunguna ya same shi nan cikin shagon ya auna shi ya ba shi magani. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa cikin wata shida lambar sama ta sauka da kusan 27, yayin da ta waɗanda aka ba shawara kawai aka ce su je asibiti ta sauka da kusan 9. Mu kuwa muna da abin da ya fi shagon aski. Muna da ƙofar gidan mai unguwa, da harabar masallaci bayan Juma'a, da teburin mai shayi, da makarantun Islamiyya na matan aure, da kasuwar Mai'adua da ke tara dubban mutane kowace Lahadi har daga ƙetaren iyaka ta Kwangwalam. Muna da Sarkin Aski da Sarkin Fawa da Sarkin Kasuwa, kowanne da jama'arsa da ke jin maganarsa. Na'urar awon nan ta zamani batir take amfani da shi, kuɗinta bai kai na ragon suna ba, kuma duk mai karatun sakandare zai iya koyon aiki da ita a zama ɗaya. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Daura suna neman inda za su gwada hannunsu. Attajiran ƙasar nan da ke gina masallatai, in Sarki ya ce kowane masallacin Juma'a a ajiye masa na'ura ɗaya, ba za a kwana biyu ba a samu ba.

Dole a yi abin da ƙa'ida, kada gyara ya zama ɓarna. Wanda za a auna ya zauna ya huta minti biyar, kada ya ci goro ko ya sha taba ko shayi rabin sa'a kafin awon, ya jingina bayansa, hannunsa a kan tebur. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Mai awo ba likita ba ne, aikinsa ya rubuta lamba a kati ya tura mutum asibiti. Wanda aka ga lambarsa ta kai 180 bisa 120 kuwa, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Bayan awo sai magani, kuma a nan ne ake yawan zubar da aikin. Mutum zai sha ƙwaya wata ɗaya, a auna a ga jini ya sauka, ya ce ya warke ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina zai koma inda yake. Wani kuma an gaya masa a majalisa cewa maganin yana rage wa namiji kuzari, sai ya daina a ɓoye ba zai iya faɗa wa likita ba, alhali magungunan iri-iri ne, in wani bai karɓe shi ba sai a canza masa. Ga masu lasifika a kasuwa suna shelar garin da ke raba mutum da hawan jini har abada. Ba na raina maganin gargajiya, zoɓo ma in ba a cika masa sukari ba an ga yana ɗan sassauta jini, amma ɗan sassauci ne, bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba. Da Sarki zai kira shugabannin masu maganin gargajiya ya ce musu duk wanda ya zo da hawan jini kada a ce masa ya ajiye maganin asibiti, da an ceci rayuka ba tare da an taɓa abincin kowa ba.

Wasu kuma ba ganganci ba ne, babu ce. Tun da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, magidanci yana zaɓe tsakanin kwanon gero da katin ƙwaya. Wannan ya fi ƙarfin fada, amma bai fi ƙarfin bakin Sarki ba. Mai Girma Gwamna Malam Dikko Umaru Radda ya ɗauki alkawarin ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar nan, kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KATCHMA. Makwabciyarmu Kano tana cikin jihohi biyu da aka fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci tun 2020, inda ma'aikacin lafiya na unguwa ke bin tsari mai sauƙi, ya fara da ƙwaya ɗaya irin amlodifin, ya ƙara in bukata ta kama, ba sai an jira babban likita ba. Ina roƙon Mai Martaba ya nemi a kawo irin wannan tsari ƙananan hukumomi biyar na masarautarsa, a kuma tabbatar maganin ba ya yankewa a kan kanta. Auna mutum a gaya masa yana da cuta sannan a ce babu magani, gara ma ba a auna shi ba.

Malamanmu kuma suna da nasu kason. Talaka yana bukatar ya ji daga bakin limaminsa cewa neman sanin lafiyar jiki ba ya karo da tawakkali. Yana bukatar ya ji cewa in baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, mota za a nema nan take, addu'a a yi ta a hanya, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ruwa ko zuma don yana iya shaƙewa. Sa'o'in farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta. A wuraren tafsirin azumi kuma a tunatar da masu shan magani su tambayi likita yadda za su mayar da shi lokacin sahur ko buɗa-baki, maimakon su ajiye shi wata guda.

Allah ya ja zamanin Sarki, abin da nake fata in gani shi ne ranar da hakimai suka hallara, ko a bikin Gani ko kafin Hawan Magajiya ko ranar 17 ga Mayu da duniya ta keɓe don wannan cuta, Mai Martaba ya miƙa hannu a ɗaura masa na'ura a gaban kowa, sannan 'yan majalisa, sannan hakimai ɗaya bayan ɗaya, har dogarai da makaɗa. Kowane hakimi ya koma ƙasarsa da na'ura da littafin rubuta suna, ya yi haka a gaban dagatansa. Bayan wata uku a dawo fada da littattafan, a ji mutum nawa aka auna a kowace gunduma, nawa aka tura asibiti, nawa ne kuma har yanzu suke shan maganinsu.

In na yi kuskuren lafazi a gaban Sarki, ina neman afuwa. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya zaunar da ƙasar Daura lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka daga ƙasar Daura.